Ya ƙifta ido da na kira sunansa: shin yana ji na?

Sista Rabi:
Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a sashen kulawa ta musamman, kuma yawancin waɗanda muke kwantarwa masu rauni ne a kai: haɗarin mota, faɗuwa, ko jijiyar jini ta fashe a ƙwaƙwalwa. Babu tambayar da 'yan uwan majinyata suka fi yi mini irin wannan: "Sista, na kira sunansa ya ƙifta ido, yana ji na ko?" Abin da aka koya mana shi ne ƙifta ido ba hujja ba ce, jiki na yin abinsa ne da kansa. Amma kwanan nan ina jin cewa masu bincike sun fara ƙirga ƙiftawar ido don gane wanda hayyacinsa ya fara dawowa. To wanne za mu riƙe? Likitocin da ke nan, da waɗanda suka taɓa jinyar irin wannan, don Allah ku faɗi abin da kuka sani.

Nura:
Wa alaikumus salam Sista. Ni ɗalibin likitanci ne, manya za su gyara mini. Abin da aka koya muku daidai ne, sai dai ƙiftawar ba iri ɗaya ba ce. Akwai wadda ido ke yi da kansa don kada ya bushe, wajen sau 15 zuwa 20 a minti ga lafiyayyen mutum da ke zaune. Akwai ta zabura, idan an taɓa ido ko an yi ƙara. Akwai kuma wadda mutum ke yi da gangan. Ta zaburan nan a gindin ƙwaƙwalwa ake gama ta: jijiya ta biyar cikin jijiyoyin da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa ta kai labarin an taɓa ido, jijiya ta bakwai ta rufe fatar idon, shi ke nan, saƙon ba ya buƙatar hawa sama inda tunani yake. Shi ya sa mai doguwar suma zai iya ƙiftawa idan kika taɓa idonsa da auduga, alhali bai san an taɓa shi ba. Abin da audugar ta gaya miki kawai shi ne gindin ƙwaƙwalwar yana aiki.

Maman Khalil:
Allah ne ya kawo ni kan wannan magana. Ƙanena ne ya yi haɗari, yau sama da wata guda. Ya buɗe ido, an cire masa na'urar numfashi, amma ba ya magana, ba ya motsa hannu idan an ce ya motsa. Idan mahaifiyarmu ta sunkuya ta kira sunansa, sai ya ƙifta. Da idona na gani, ba sau ɗaya ba. Likita ya ce kada mu ɗora komai a kai. Tun ranar mama ba ta samu barcin kirki ba, ita ta yarda yana jin ta, mu kuma mun rasa abin da za mu ce mata.

Sista Rabi:
Allah ya ba shi lafiya 'yar uwa, ya ba mama haƙuri.

Auwal:
Maman Khalil, Allah ya tashi kafaɗarsa. Zan faɗi abin da ba zai yi daɗin ji ba, amma na sha wannan ruwan. Mahaifinmu ya yi watanni a wannan hali bayan zuciyarsa ta tsaya aka farfaɗo da shi. Kowane motsi sai mun fassara shi. Ya ƙifta, mu ce ya gane mu. Hawaye ya zubo, mu ce kuka yake. Har rigima ta shiga tsakanin 'yan uwa, masu cewa yana ji da masu cewa ba ya ji. Bai farfaɗo ba har Allah ya karɓi abinsa. Ku saurari likitanku. Wanda ke son mutum yana ganin abin da zuciyarsa ke nema.

Likita Bashir:
Allah ya jiƙan baba, Malam Auwal. Ni likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne, bari in ɗan tsawaita, don abin yana buƙatar shimfiɗa.

Farkawa daban, hayyaci daban. A doguwar suma ido a rufe yake, ba farkawa ba hayyaci, kuma da wuya ta wuce sati biyu zuwa huɗu. Wanda ya rayu, idonsa zai buɗe. Wannan buɗewar ita ce take ruɗa mutane, domin tana iya zuwa ba tare da hayyaci ba: ya yi barci ya farka, ya yi hamma, ya ƙifta ido, amma babu wata alamar ya san kansa ko abin da ke kewaye da shi. Likitoci Bryan Jennett da Fred Plum ne suka bayyana wannan hali a 1972. Mu kira shi farkawa ba amsa. A 2002 aka ware wani mataki a samansa, na wanda yake nuna ɗan guntun hayyaci, yau ya bi abu da ido, gobe ya ƙi, jibi ya cika umarni ɗaya. Bambancin waɗannan biyu ba ƙarami ba ne, domin na biyun ya fi damar samun sauƙi, kuma hotunan ƙwaƙwalwa sun nuna yana iya jin zafi.

Yanzu ƙifta ido. Mutane da yawa, har da ma'aikatan lafiya, sukan kai hannu da sauri wajen fuskar majinyaci, idan ya ƙifta su ce ai yana gani. Masu bincike a birnin Liège na Beljiyam sun bi diddigin wannan a 2008, a kan majinyata 91 da ke halin farkawa ba amsa. Kusan rabinsu suna ƙiftawa idan an nufo idonsu da hannu, kuma wannan bai nuna su ne za su farfaɗo ba. Don haka gaskiyar likitanku ce, Maman Khalil, ƙiftawa ita kaɗai ba ta isa hujja ba.

Amma akwai ɗaya ɓangaren, wanda ya kamata mu likitoci mu riƙa faɗa da bakinmu. A 1996 wani asibiti a Landan ya sake duba majinyata 40 da aka turo masa da cewa ba su da hayyaci, aka samu 17 suna da shi. A 2009 aka sake irin wannan a Beljiyam, 18 cikin 44. Wato wajen huɗu cikin goma ana yi musu kuskure idan aka tsaya a duban zagayen safe kawai. Saboda haka ba zan ce wa mama tana mafarki ba. Zan ce abin da ta gani dalili ne na a yi gwaji yadda ya kamata.

Malam Sani:
Likita, ni malamin lissafi ne, ka ba ni dama in sa baki. Mu ce majinyaci na ƙiftawa sau 15 a minti. Wato kusan sau ɗaya a kowane sakan huɗu ke nan. Idan mama ta kira sunansa ta jira sakan biyar, ko da ba ya jin komai, yiwuwar ya ƙifta a cikin wannan ɗan lokaci ta kai wajen bakwai cikin goma. Ta kira sau goma, ta ga "amsa" wajen sau bakwai. Ba ƙarya ta yi ba, abin da ta gani ya faru. Matsalar ita ce tambayar da aka yi wa idon tambaya ce da zai amsa ko da babu kowa a bayansa. Dole a nemi abin da ido ba ya yawan yi da kansa.

Maman Khalil:
Malam, wannan lissafin ya sanyaya mini jiki. Amma na fahimta. To me za mu nema?

Zainab:
Anti, ni ina aikin gashi da motsa jiki, muna aiki da irin waɗannan majinyata kullum. Akwai ma'aunin da aka tsara don wannan, CRS-R, na 2004, maki daga 0 zuwa 23. Ya bambanta da ma'aunin Glasgow na 1974 da kike ji ana cewa maki 3 zuwa 15, shi wancan ya fi amfani a kwanakin farko na rauni. Ki roƙi masu kula da shi su yi masa, ko su nemo wanda ya iya.

Ga yadda abin yake a bakin gado. Da farko ba a cewa komai. Ana tsayawa minti ɗaya cur ana kallonsa, a ga me jikinsa ke yi da kansa. Idan mai yawan ƙiftawa ne, ba za a ce masa "ƙifta ido" ba. Sai a ce "dubi sama", ko "rufe idonka ka riƙe", ko "ƙifta sau biyu da ƙarfi". A faɗa da murya sarai, a yi shiru, a jira kamar sakan goma, kada a taɓa shi, kada a yi ta maimaitawa a kansa. A yi sau huɗu. Sai ya cika uku cikin huɗu a fili, yadda wanda ke tsaye a gefe ma zai yarda, sannan a ƙirga.

Sai madubi. A riƙe shi santimita 10 zuwa 15 daga fuskarsa, a bari idonsa ya sauka a kai, sannan a ja shi a hankali zuwa dama, hagu, sama, ƙasa. An gano majinyata sun fi bin fuskarsu a madubi fiye da yadda suke bin yatsa ko biro. Na taɓa ganin wani saurayi da makonni ana kai masa yatsa ba ya ko kallo, ranar da aka ɗora madubi ƙwayar idonsa ta tsaya cak, sannan ta bi shi har kusurwa, ta dawo da shi. Mahaifinsa na tsaye bai ce uffan ba, sai da ya nemi kujera ya zauna.

Kuma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Binciken 2017 ya nuna sai an maimaita aƙalla sau biyar cikin kamar sati biyu kafin kuskure ya ragu sosai, domin hayyacin irin waɗannan yana zuwa yana tafiya.

Sista Rabi:
Zainab, ki ƙara da cewa a duba magunguna. Wanda aka ba maganin sa barci ko na farfaɗiya mai nauyi, ko yake da zazzaɓi, ba zai nuna abin da yake da shi ba.

Hajiya Asabe:
'Ya'yana, ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, maigidana ne ya kwanta. Jijiyar jini ta toshe masa a bayan kai. Aka ce mana ya tafi doguwar suma. Idonsa a buɗe, jiki ba motsi ko kaɗan, baki ba magana. Ni nake goge masa fuska da safe. Na lura duk sanda na zo goge gefen bakinsa, sai ƙwayar idonsa ta yi sama. Idan ina goge goshi ba ta yi. Wata rana na ajiye tsumman na ce, Alhaji, in kana ji na dubi sama. Ya duba. Na ce dubi ƙasa. Ya duba. Na ce in sunanka Musa dubi sama, alhali ba sunansa ba ne. Idon bai motsa ba. Na faɗi sunansa na gaskiya, ya ɗaga. Ashe gefen bakin nan akwai gyambo da bututu ya yi masa, zafi yake ji, yana gaya mini da abin da ya rage masa. Duk maganar da aka yi a kansa a ɗakin nan ya ji ta. Daga baya da muka koyi yi masa haruffa ya gaya mana wasu daga ciki.

Shi ya sa, Auwal ɗana, ban ƙi maganarka ba, amma kada a ce wa mai jinya ya rufe idonsa.

Likita Bashir:
Hajiya, abin da kika yi shi ne gwajin da ya dace, har da tambayar da amsarta a'a ce, wadda mutane da yawa ke mantawa. Halin da Alhaji ya shiga shi ne kullewa a cikin jiki, Plum da wani likita, Posner, suka ba shi suna a 1966. Raunin yana gaban wani sashe na gindin ƙwaƙwalwa inda hanyoyin motsa hannu da ƙafa da fuska da harshe suke wucewa. Tunani da ji da gani suna nan lafiya lau. Jijiya ta uku, mai ɗaga fatar ido da juya ido sama da ƙasa, tana fitowa ne daga saman wurin da ya lalace, shi ya sa ita ke tsira. Kuma ba ke kaɗai ba ce: wani bincike da aka yi kan masu wannan hali a Faransa ya nuna a fiye da rabinsu 'yan uwa ne suka fara ganewa, ba likita ba, kuma a matsakaici sai da aka yi wata biyu da rabi kafin a tabbatar.

Wanda duniya ta fi sani shi ne Jean-Dominique Bauby, babban editan mujallar Elle a Faransa. Ya kamu a Disamban 1995, abin da ya rage masa fatar idon hagu. Ana karanto masa haruffa, an jera su daga wanda aka fi amfani da shi a Faransanci, idan an zo kan wanda yake so ya ƙifta. Da haka ya rubuta littafi guda, ya fito a Maris 1997, ya rasu kwanaki kaɗan bayan fitowarsa.

Sai dai Maman Khalil ta lura, wannan hali ya fi zuwa daga toshewar jijiyar jini. Raunin haɗari yakan watsu ko'ina a ƙwaƙwalwa, don haka ba lallai labarin ƙaninki ya zama irin na Alhaji ba.

Auwal:
Hajiya, na karɓa, Allah ya saka miki. Amma bari in kawo wani misali don a ga ɗaya gefen. Rom Houben a Beljiyam, a 2009 duniya ta ɗauka cewa bayan shekara 23 yana kwance ana ganin ba shi da hayyaci, ya fara rubuta dogayen jimloli, wata mata na riƙe da hannunsa a kan allon kwamfuta. Da aka gwada, aka nuna masa abubuwa ba ta ɗakin, sannan ta dawo ta riƙe hannun, amsoshin ba su fito daidai ba. A 2010 likitocin suka yarda saƙonnin ba daga gare shi suke ba. Kuma ba lallai ta yi niyyar yaudara ba. Tsorona ke nan da ƙifta ido: mai fassarawa shi ne mai magana.

Malam Sani:
Maganinsa shi ne abin da aka yi a labarin da ka kawo. Wanda ke karanta idon kada ya san amsar. Mutum ɗaya ya raɗa wa majinyaci tambaya ko ya nuna masa abu, wani daban da bai ji ba ya kalli idon ya rubuta e ko a'a. A cakuɗa tambayoyin, kada e da a'a su riƙa bin juna a jere. Idan amsa shida suka fito daidai a jere, yiwuwar dace ne kawai ɗaya cikin 64 ce.

Zainab:
Ma'aunin CRS-R ma haka ya tsara, tambaya shida, duka daidai, a zama biyu a jere, kafin a ce mutum ya fita daga matakin ɗan guntun hayyaci.

Nura:
Likita, mu koma tambayar Sista ta farko, ta ƙirga ƙiftawar da ido ke yi da kansa. Na san a 2021 masu bincike daga Italiya da Jamus sun ƙirga ta a majinyatan da suka daɗe a wannan hali, suna kwance ba a ce musu komai ba. Masu ɗan guntun hayyaci sun fi masu farkawa ba amsa yawan ƙiftawa. Kuma da ma an san ƙiftawar nan ba jiƙa ido kaɗai take yi ba. Tana raguwa idan mutum na karatu, tana ƙaruwa idan yana hira. A Japan, Tamami Nakano da abokan aikinta sun nuna mutanen da ke kallon bidiyo ɗaya sukan ƙifta kusan lokaci ɗaya, a inda labarin ya ɗan tsagaita. Ashe ke nan ƙwaƙwalwa ce ke zaɓar lokacin. Me zai hana a kafa kyamara a kan gado ta riƙa ƙirgawa?

Likita Bashir:
Nura, tunanin yana da kyau, kuma ina fatan ya tabbata, domin abu ne mai sauƙi da ba ya buƙatar majinyaci ya fahimci magana ko ya motsa gaɓa. Amma majinyatan binciken nan ba su kai 30 ba, kuma bambancin tsakanin rukuni da rukuni ne. Ba a samu wani adadi da za ka ce wanda ya haura shi yana da hayyaci, wanda ya gaza ba shi da shi ba. Ka tuna abubuwan da ke canja ƙiftawa a ɗakin jinya: bushewar ido, iska mai kaɗawa a fuska, hasken fitila, man da ake sa wa ido, ciwon ido, gajiya, lokacin yini. Jijiya ta bakwai na iya lalacewa idan ƙashin gefen kai ya karye, sai idon ya kasa rufuwa. Ga kuma sinadarin dofamin, wanda ake alaƙanta shi da ƙiftawa, shi ya sa masu cutar Parkinson, da yake ƙaranci a ƙwaƙwalwarsu, ba sa yawan yi, kuma magunguna da dama suna taɓa shi. Lafiyayyu ma wani ya ninka wani.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne binciken da ya duba yadda ƙiftawar ke canjawa, ba yawanta ba. A wani asibiti a babban birnin Faransa, a 2020, sun riƙa tafa hannu da ƙarfi a saman kan majinyaci, a jere har sau goma. Galibinsu sukan ƙifta a tafin farko. Masu ɗan guntun hayyaci galibi sukan daina bayan 'yan tafi, kamar wanda gidansa ke bakin titi ya daina zabura da ƙarar mota. Masu farkawa ba amsa kuwa da yawansu suna ta ƙiftawa har na goma. Danne zaburar aikin saman ƙwaƙwalwa ne. Ku lura da abin da wannan ke nufi: a nan rashin ƙiftawa ne alamar alheri.

Akwai kuma na Tristan Bekinschtein a 2009. Ana kaɗa wani sauti, a ɗan dakata rabin sakan, sannan a hura iska a ido. A yi ta maimaitawa. Wanda ƙwaƙwalwarsa ta haɗa biyun zai fara matse ido da jin sautin, tun iskar ba ta zo ba. Wasu daga cikin waɗanda aka ce ba su da hayyaci sun koya. Mutanen da aka sa wa maganin barcin tiyata ba su koya ba. Har yanzu ana gardama ko wannan koyo hujjar hayyaci ne, amma waɗanda suka koya sun fi samun ci gaba daga baya.

Sista Rabi:
Likita, kada 'yan uwa su ji wannan su je suna ta tafi a kan majinyaci.

Likita Bashir:
Gaskiyarki Sista. Aikin mai gwaji ne, sau ɗaya a zama, kuma ba a kan wanda matsin cikin kansa bai daidaita ba.

Auwal:
Likita, akwai abin da ke cin raina tun ɗazu. Mahaifinmu bai taɓa bin madubi ba, don ba a ma kawo ba. Bai taɓa cika umarni ba. In haka ne, zai yiwu yana ji muna ta gardama a kansa?

Likita Bashir:
Malam Auwal, ba zan yi maka ƙarya don in kwantar maka da hankali ba, kuma ba zan ɗora maka abin da babu hujjarsa ba. A 2006 Adrian Owen a Ingila ya sa wata budurwa mai shekara 23, wadda ta yi haɗarin mota kuma ba ta amsa komai, a na'urar MRI mai ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa. Ya ce ta riya tana wasan tanis, sannan ta riya tana zagaya ɗakunan gidansu. Sassan ƙwaƙwalwarta suka yi aiki irin na lafiyayyu. A 2024 aka wallafa babban bincike daga cibiyoyi shida a Amurka da Turai: cikin mutum 241 da ba sa cika umarni a bakin gado, 60 sun cika shi a cikin ƙwaƙwalwa, an gani ta MRI ko EEG, na'urar da ke auna aikin lantarkin ƙwaƙwalwa. Ɗaya cikin huɗu. Don haka e, akwai masu ji da ko fatar ido ba sa iya sarrafawa.

Amma a binciken nan an fi samun haka ga matasa da masu raunin buguwa a kai. Raunin da tsayawar zuciya ke jawowa, inda iskar oksijin ta yanke wa ƙwaƙwalwa gaba ɗaya, ya fi lalata saman ƙwaƙwalwa, kuma damar ɓoyayyen hayyaci a cikinsa ta fi ƙanƙanta. Kun zauna da shi watanni, ba ku gudu ba. In ya ji wani abu, ya ji wannan ma.

Hajiya Asabe:
Allah ya jiƙansa da rahama. Abin da nake roƙon ma'aikata shi ne su riƙa sallama ga majinyaci, su faɗa masa abin da za su yi kafin su juya shi ko su soka allura, maganar "ba zai tashi ba" kuma a fita waje a yi ta. Alhaji ya ce abin da ya fi ba shi tsoro shi ne hannu ya sauka a jikinsa bai san daga ina ba.

Kuma idan an samu hanyar magana, a rubuta ta a manna a saman gado. Mun sha wahala da wannan. Mu a wurinmu duban sama ne e, mai aikin dare ta zo ta ce ƙifta sau ɗaya e sau biyu a'a, ya rikice, aka rubuta cewa ba ya amsawa. Idon ma yana gajiya. Bayan 'yan mintoci fatar takan yi nauyi, sai a bar shi ya huta.

Zainab:
Ƙari a kan na Hajiya: a tabbatar yana gani kuma yana ji kafin a yanke hukunci da ido. A binciken Landan da Likita ya ambata, da yawa daga waɗanda aka yi wa kuskure makafi ne ko ganinsu ya yi rauni ƙwarai. Wanda ba ya gani ba zai bi madubi ba. Mai amfani da tabarau a sa masa abinsa. Wani kuma raunin ya taɓa wurin fahimtar harshe, yana cikin hayyacinsa amma kalmar "dubi sama" ba ta da ma'ana a kunnensa, sai an nuna masa da hannu.

Maman Khalil:
Na gode ƙwarai, na rubuta komai. Tambaya ɗaya ta rage. Idan muka gwada yau ya cika, gobe kuma shiru, wanne za mu ɗauka? Kuma akwai magani?

Likita Bashir:
Ku ɗauki na yau, matuƙar a fili yake kuma ya maimaitu. Zuwa da tafiya ita ce ɗabi'ar wannan mataki, shi ya sa ake hukunci da mafi kyawun abin da majinyaci ya nuna, ba da na ƙarshe ba. Ku sami littafi ku riƙa rubuta rana, lokaci, wanda ya yi magana, abin da aka ce, abin da ya yi, har da lokutan da bai yi komai ba. Idan asibiti ya yarda ku ɗauki bidiyo da waya, ya fara tun minti ɗaya kafin a ba da umarnin, don likita ya ga yadda idon yake kafin a yi magana. Mama ta zama mai ba da umarnin, tunda muryarta ce kuke ganin yana amsawa, wani kuma ya tsaya yana kallo.

Magani, akwai amantadine. A gwajin da aka wallafa a 2012 kan majinyata 184 masu raunin buguwa a kai, tsakanin sati 4 zuwa 16 bayan rauni, waɗanda aka ba shi na sati huɗu sun fi saurin samun ci gaba a lokacin da suke shansa. Ƙaninki yana cikin wannan tazara, don haka ki tambayi likitansa. Shi zai duba ƙodarsa da batun farfaɗiya kafin ya yanke, kada a saya a ba shi. Ki kuma tambaya ko an sake hoton kai don duba taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa, domin tana iya danne hayyaci kuma ana iya magance ta. Ga raunin haɗari, ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta 2018 ba ta kiran halin farkawa ba amsa wanda ya zauna sai bayan wata 12, wata 3 kuma ga wanda ba na buguwa ba. Wata guda da 'yan kwanaki ya yi wuri a rufe maganarsa.